Albashin da Doka Ta Sani: Alawus na Haya da Haraji a Indiya

 

Idan na tare ma'aikaci a bakin hanya na ce masa, malam, nawa ne albashinka, zai zaro waya ya nuna mini saƙon banki na ƙarshen wata, ya ce ga shi nan. Bai yi ƙarya ba. Amma ranar da ya zauna gaban jami'in haraji yana neman a ɗauke masa wani kaso saboda kuɗin hayar da yake biya, wannan amsa ba za ta karɓu ba. Akwai albashin da aljihu ya sani, akwai kuma albashin da doka ta sani, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu ita ke sa ma'aikaci ya yi asara bai ankara ba.

Yau Indiya za mu leƙa, domin can ne aka daɗe ana tafka wannan lissafi, har ya kai gaban kotun ƙoli. Mun san Indiya da finafinai, mun san ta da asibitoci da jami'o'in da 'ya'yanmu ke zuwa karatu. Amma ƙasa ce ta miliyoyin masu albashi da ke zaune a gidajen haya, kuma a takardar albashin mafi yawansu akwai wani layi da suke kira HRA, wato alawus na hayar gida. Tsohuwar dokar harajin kuɗin shiga ta ƙasar, wadda aka yi a 1961, ta ce a sashe na 10, ƙaramin sashe na 13A, za a iya ɗauke haraji daga wani ɓangare na wannan alawus. Yadda za a auna ɓangaren kuwa, an fayyace shi a ƙa'ida ta 2A cikin ƙa'idojin da aka fitar a 1962.

A ƙa'idar ta 1962, mudu uku ake aunawa da su, sai a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Na farko, alawus ɗin hayar da aka ba ka a zahiri. Na biyu, kuɗin hayar da ka biya, bayan an cire kashi 10 cikin 100 na albashinka. Na uku, rabin albashinka idan gidan yana Mumbai ko Delhi ko Kolkata ko Chennai, ko kashi 40 cikin 100 idan yana wani gari. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin ukun nan, shi ne ba za a taɓa da haraji ba. Ragowar alawus ɗin kuwa sai ya shiga sahun abin da ake yankar haraji a kai.

Ku lura da kyau, biyu daga cikin mudu ukun nan da albashi aka ƙera su. Idan ka kuskure ma'anar albashi, ka kuskure awon gaba ɗaya. To mene ne albashi a nan?

Ƙa'idar ba ta ƙirƙiro sabuwar ma'ana ba. Aro ta yi daga wani ɓangare na dokar da ya shafi asusun ajiyar ma'aikata na bayan ritaya. A can an ce albashi ya haɗa da alawus na tsadar rayuwa idan sharuɗɗan aiki sun tanadi haka, amma ban da duk sauran alawus-alawus da alfarmomin da ake yi wa ma'aikaci. Saboda haka ginshiƙin lissafin shi ne gundarin albashi, wanda ma'aikatanmu ke kira besik. Shi kam ba a gardama a kansa.

Na biyun shi ne alawus na tsadar rayuwa, kuma yana buƙatar a tsaya a kansa. Kuɗi ne da ake ƙara wa ma'aikaci don rage masa raɗaɗin tashin farashin kaya. Ma'aikatan gwamnatin tarayyar Indiya sau biyu a shekara ake sake duba musu shi, daga Janairu da kuma daga Yuli, gwargwadon yadda ma'aunin farashin kayan masarufi ya motsa. Dattawanmu da suka san tarihin ƙwadago za su tuna cewa irin wannan alawus ne ya jawo yajin aikin gama-gari a Najeriya a 1945. To a Indiya ba kowane alawus na tsadar rayuwa ne ke shiga lissafin haya ba. Sai wanda yarjejeniyar aiki ta ce za a haɗa shi da gundarin albashi wajen lissafa haƙƙoƙin ritaya, kamar fansho da garatuti. Idan da shi za a auna abin da za ka tafi da shi gida ranar da ka ajiye aiki, to albashi ne. Idan kuwa ƙari ne kawai da ake ba ka ka kashe, babu ruwansa da ritayarka, to ba ya cikin lissafi. Ma'aikata biyu za su iya karɓar alawus mai suna ɗaya, adadi ɗaya, na wannan ya shiga, na wancan ya tsaya a waje. Abin da ya raba su jimla ɗaya ce a cikin takardar ɗaukar aiki.

Abu na uku ba a rubuta shi ƙarara a cikin ƙa'idar ba, kotu ce ta shigar da shi. Akwai wani kamfani mai suna Gestetner, mai sayar da injinan kwafar takardu, irin waɗanda ake juyawa da hannu a ofisoshi da makarantu kafin zuwan na'urorin zamani. Kamfanin yana biyan masu tallata masa kaya albashi tsayayye a wata, sannan ya ƙara musu kamasho, wani kaso ƙayyadadde na cinikin da kowannensu ya yi. Da ya zo zuba musu kuɗi a asusun ajiyar ritaya, sai ya lissafa har da kamashon. Hukumar haraji ta ce ba ta yarda ba, kamasho ba albashi ba ne. Magana ta yi ta hawa har kotun ƙolin Indiya, wadda ta yanke hukunci a watan Disamba na 1978 cewa kamfanin ne ke da gaskiya. Hujjar kotun mai sauƙin fahimta ce. Ladan aiki ladan aiki ne, ko da kwanakin wata aka auna shi, ko da yawan cinikin da mutum ya kawo. Tun da kuwa lissafin haya daga wannan ma'ana ya yi aro, sai hukuncin ya biyo shi. Shi ya sa kamashon da aka ɗaure da ƙayyadadden kaso na ciniki a cikin yarjejeniyar aiki ake lissafa shi a matsayin albashi. Kamashon da maigida ya ga dama ya bayar dunƙule, ba tare da wannan sharaɗi ba, ba ya shiga.

Daga nan ƙofa ta rufe. Garaɓasar ƙarshen shekara ba ta ciki. Kuɗin aikin bayan an tashi ba ya ciki. Alawus na sufuri, na magani, na karatun yara, da wanda kamfanoni ke kira alawus na musamman, duk suna waje. Motar ofis da makamantanta ma haka. Shi kansa alawus na hayar ba a lissafa shi cikin albashin da za a auna shi da shi.

Wani zai ce, to ashe waɗannan ba a biyan haraji a kansu ke nan? A'a, ana biya. A sashe na 17 na wannan doka, inda ake tattara abin da za a yanki haraji a kai, kalmar albashi faffaɗa ce ƙwarai, ta kwashi lada da fansho da garatuti da kamasho da alfarmomi. Doka ɗaya, kalma ɗaya, amma ma'anarta na sauyawa gwargwadon aikin da aka sa ta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai dukiya ya san ba duk abin da ya mallaka ake fitar wa zakka ba. Gidan da yake kwana a ciki da abin hawansa dukiya ne, amma ba a haɗa su cikin nisabi. Sai an san abin da ke shiga kafin a san abin da za a fitar.

Yanzu ina roƙon mai biro da takarda ya ɗauko, mu yi lissafin tare. Zan tafi a hankali.

A ce ga wani ma'aikaci a Delhi, abin da ake biyansa a wata rupi 70,000. Gundarin albashinsa 30,000. Alawus na tsadar rayuwa 10,000, kuma irin wanda ake lissafawa a ritaya ne. Alawus na haya 15,000. Sauran 15,000 na sufuri ne da na musamman. Hayar gidansa kuwa 16,000 a wata.

Albashinsa a idon wannan ƙa'ida 40,000 ne, wato 30,000 da 10,000. Mudu na farko, alawus ɗin da ya karɓa, 15,000. Mudu na biyu, haya 16,000 a cire kashi 10 cikin 100 na 40,000, wato 4,000, saura 12,000. Mudu na uku, rabin 40,000, wato 20,000. Mafi ƙanƙanta shi ne 12,000. Saboda haka 12,000 sun kuɓuta daga haraji a kowane wata, 3,000 da suka rage na alawus ɗin za a yanki haraji a kansu. A shekara, 144,000 ke nan suka kuɓuta.

To da wannan bawan Allah ya yi lissafi da abin da ya gani a saƙon banki fa? Da ya ɗauki 70,000 a matsayin albashi, kashi 10 cikin 100 ya zama 7,000, mudu na biyu ya faɗo zuwa 9,000. Da ya rage wa kansa 3,000 a wata, 36,000 a shekara, ya biya haraji a kan kuɗin da doka ta riga ta yafe masa. Babu wanda ya zalunce shi, rashin sanin ma'anar kalma ɗaya ne kawai. Kun ga a nan ƙuntata ma'anar albashi taimakonsa ta yi.

Amma kada mu yi saurin cewa ƙaramin gundarin albashi shi ne alheri. Ga ma'aikaci na biyu, shi ma a Delhi, shi ma 70,000 yake karɓa, shi ma 16,000 yake biya haya, shi ma alawus ɗin hayarsa 15,000. Sai dai kamfani mai zaman kansa yake yi wa aiki, kuma an tsara masa gundarin albashi 20,000 kacal, babu alawus na tsadar rayuwa, aka jibge 35,000 a alawus na musamman. Mudu na biyu ya yi masa kyau, 16,000 a cire 2,000, saura 14,000. Amma mudu na uku ya danne shi, domin rabin 20,000 shi ne 10,000. Abin da zai kuɓutar ke nan. Da a Jaipur yake zaune, inda ake amfani da kashi 40 cikin 100, da 8,000 kawai zai samu.

Ku dubi wannan. Kuɗin shiga ɗaya, haya ɗaya, alawus ɗaya, amma wani ya kuɓutar da 12,000, wani 10,000, wani 8,000. Albashin idan ya yi girma, yana cinye ka ta mudu na biyu. Idan ya yi ƙanƙanta, yana tare ka ta mudu na uku. Ba a iya sanin ta inda zai ɓullo sai an zauna an buga lissafin.

Me zai sa kamfani ya matse gundarin albashi haka? Dalilin a fili yake. A Indiya, kuɗin da kamfani ke zuba wa ma'aikaci a asusun ajiyar ritaya kashi 12 cikin 100 ne na gundarin albashi da alawus na tsadar rayuwa, garatuti ma da su ake auna shi. Duk lokacin da aka rage gundari aka kumbura alawus na musamman, nauyin da ke kan kamfani ya ragu. Matashin da ya samu aiki yana kallon babban adadin da ke ƙasan takarda, yana murna, bai san an taɓa ajiyar tsufansa, an kuma taɓa rangwamen hayarsa ba. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi damuna a maganar nan, domin wanda ya rubuta takardar ya san abin da yake yi, wanda ya sa hannu kuwa galibi bai sani ba. Majalisar dokokin Indiya ta lura da haka, har a dokar lada ta 2019 ta tanadi cewa idan alawus-alawus suka haura rabin abin da ake biyan ma'aikaci, abin da ya haura za a mayar da shi cikin lada. Sai dai wannan dokar ƙwadago ce, tana da nata fagen.

Akwai kuma batun lokaci. Albashin da ake lissafawa shi ne wanda ya wajaba a biya ka na watannin da ka zauna a gidan hayar. Shekarar haraji a Indiya tana farawa 1 ga Afrilu, ta ƙare 31 ga Maris. Idan ka zauna a gidan mahaifinka har ƙarshen Satumba, ka kama haya a Oktoba, albashin wata shida ne kawai zai shiga awo. Ariyas na shekarun baya da suka faɗo maka a tsakiyar shekara ba na wannan lokacin ba ne, haka ma albashin gaba da ka ci bashinsa. Idan aka yi maka ƙarin girma, ko mai gida ya ƙara haya, ko ka tashi daga gari zuwa gari, sai a raba shekarar, a yi wa kowane zango lissafinsa.

Maganar gari kuwa, inda gidan yake ake dubawa, ba inda ofis yake ba. Dubban mutane suna aiki a Delhi suna kwana a Noida ko Gurugram, garuruwan da suka manne da birnin amma suke cikin wasu jihohi. A ƙa'idar 1962, kashi 40 ne nasu. Birane huɗun nan masu rabin albashi ma da tsoffin sunayensu aka rubuta uku daga ciki, Bombay da Calcutta da Madras, abin da ke nuna tsufan ƙa'idar. Shekara da shekaru ma'aikatan Bengaluru, cibiyar kamfanonin kwamfuta inda haya ta yi tashin gwauron zabi, sun yi ta kukan cewa an bar su a sahun ƙananan garuruwa. A ganina kukan nasu yana bisa hanya.

Duk wannan lissafi ba ya tsayawa sai da shaida. Wanda ke zaune a gidan kansa ba shi da wannan rangwame, ko da ana ba shi alawus. Wanda ke zaune kyauta ma haka. Sai wanda ya biya haya da gaske, yana da rasit. Idan hayar ta haura rupi 100,000 a shekara, sai ya kawo wa ofishinsu lambar harajin mai gidan, wadda suke kira PAN. Mutum zai iya biyan mahaifinsa ko mahaifiyarsa haya idan gidan nasu ne, amma sai kuɗin sun fita da gaske, su kuma su bayyana su a matsayin kuɗin shiga. Wanda ba a ba shi alawus na haya sam, akwai wata ƙaramar ƙofa da aka buɗe masa a sashe na 80GG na dokar 1961, sai dai ba ta wuce rupi 5,000 a wata.

A 2020, ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta kawo sabon tsarin haraji mai sauƙin kaso, amma wanda ya zaɓe shi ya haƙura da yawancin rangwame, har da na haya. Daga shekarar haraji ta 2023 zuwa 2024, sabon tsarin ya zama shi ake ɗora kowa a kai, sai wanda ya ce tsohon yake so. Wannan ya ƙara wa ma'anar albashi nauyi, domin ba za ka san wane tsari ya fi maka ba sai ka san ainihin abin da tsohon zai kuɓutar maka. Wanda ya yi lissafi da 9,000 alhali 12,000 ne haƙƙinsa, zai iya zaɓar tsarin da bai dace da shi ba. Sannan a watan Agusta na 2025 majalisa ta amince da sabuwar dokar haraji da aka tsara ta maye gurbin ta 1961 daga 1 ga Afrilu 2026, kuma lambobin sassa sun sauya. Wanda abin ya shafa kai tsaye, sabon littafin zai buɗe.

Kafin lokaci ya cimma mana, bari mu waiwayo gida, domin maganar ta iso ƙofarmu. A Najeriya, alawus na gida da ake biya da kuɗi yana cikin abin da ake yankar haraji a kai. Amma sabuwar dokar harajin da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta kawo rangwamen haya. Ana cire kashi 20 cikin 100 na hayar da ka biya a shekara daga kuɗin da za a yanki haraji a kai, amma kada ya wuce naira 500,000. Mai biyan 600,000 a shekara, za a cire masa 120,000. Ba kuɗi za a miƙo masa ba, adadin da za a auna masa haraji a kai ne zai ragu. Namu bai rataya da ma'anar albashi ba, da haya kawai aka auna shi, kuma wannan sauƙi ne babba idan aka kwatanta da mudu ukun Indiya.

Inda ma'anar albashi ke cizonmu shi ne fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10, kuma abin da za a auna a kai kada ya gaza gundarin albashi da alawus na gida da na sufuri a haɗe. Kun ga a Indiya an fitar da alawus na gida da na sufuri daga albashi wajen lissafin haya, mu a nan an shigar da su wajen lissafin fansho. Saboda haka malami, ma'aikaciyar jinya, ɗan sanda, ma'aikacin banki, a ƙarshen watan nan ku nemi takardar albashinku daga ofishin biya, ku karanta ta layi-layi, ku ga nawa ne gundari, nawa ne na gida, nawa ne na sufuri, a kan wane adadi aka cire kashi 8 ɗin nan.

Masu zaman haya kuma, mun san yadda muke yi a garuruwanmu. A kai wa dillali ko mai gida kuɗin shekara a hannu, a gaisa, a yi addu'a, a rabu babu takarda. Amana ce, kuma abu ne mai kyau, amma ofishin haraji ba ya ganin ta. Idan lokacin sabunta haya ya zo, a nemi rasit mai ɗauke da sunan mai gida, da adireshin gidan, da adadin kuɗin, da watannin da aka biya. Idan ta banki aka tura, a adana shaidar.